Neman rancen gida a Kano: abin da na rubuta daga Janairu zuwa Nuwamba

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Jiya bayan an sauko daga Juma'a yaron mai gidanmu ya kawo takarda. Haya ta tashi daga naira 600,000 zuwa 950,000, daga watan Nuwamba. Alhaji bai yi mana rashin mutunci ba, tunda ya ba mu wata goma mu shirya, amma ƙari dai ƙari ne. Ɗaki biyu da falo ne a Ɗorayi, shekararmu ta bakwai ke nan a ciki. Ni na yi fenti, ni na gyara sokawe, ni na ɗora tankin ruwa. Maman Walid ta karanta takardar ta ninke, ta ce, "Abban Walid, kuɗin da muka ba Alhaji a shekara bakwai, da bulo muka saya da yanzu mun kai linta." Ban tanka ba.

Na yanke shawarar bin maganar rancen gida har in ga ƙarshenta, kuma zan riƙa rubuta duk abin da na samo da kwanan wata, don kada baki ya ruɗe ni. Ga inda nake tsaye: shekarata 40, ma'aikacin gwamnatin tarayya ne ni tun 2011, abin da ke shigo min a wata bayan an gama yanke-yanke naira 330,000. Muna da miliyan 2 a ajiye, rabi daga adashin Maman Walid. Gidan da muke hange bai wuce na miliyan 17 ba. Ke nan miliyan 15 nake nema.

Talata, 21 ga Janairu

Na fara da bankin da albashina ke shiga. Jami'ar ta karɓe ni hannu bibbiyu har da ruwan sanyi. Kuɗin ruwa kashi 28 cikin 100 a shekara, a biya cikin shekara 10, kuma ruwan ba a tsaye yake ba, idan Babban Banki ya ɗaga nasa su ma za su ɗaga. Na Babban Bankin yana kan 27.5 tun watan Nuwamban bara, don haka ban ga laifinta ba, ba daga aljihunta ta ciro lambar ba.

Na ce ta buga min abin da za a riƙa cira duk wata. Naira 373,000 da 'yan kai. Ya fi albashina gaba ɗaya. A shekara 10 zan biya kusan miliyan 45 a kan miliyan 15.

Da na dawo gida na zauna da kalkuleta, na ce bari in ga ko tsawaita lokaci zai kawo sauƙi. A shekara 20 abin ya sauko zuwa 351,000 ne kawai. An ninka shekaru, ragin bai wuce dubu 22 ba, jimilla kuma ta haura miliyan 84. Na sake bugawa sau uku ina zaton na yi kuskure. Dalilin ashe a fili yake: ruwan watan farko kaɗai naira 350,000 ne, don haka duk abin da mutum ya biya ruwan ne ke shanyewa, uwar kuɗi na nan zaune ba ta motsi. Idan ruwa ya yi tsada haka, ƙarin shekaru ba ya tsinana komai.

Ta kuma gaya min ƙa'idar da daga baya na ji ta a ko'ina: abin da za a cire maka bai kamata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi ba. Nawa 110,000 ke nan. Da wannan, a bankinsu, miliyan 4 da dubu 400 kawai zan iya ɗauka. Ko fuloti mai kyau ba zai saya ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Malam Sani na ofishinmu ne ya ɗauki takardar albashina ya ɗora yatsa a kan wani layi. "Ka san mene ne wannan?" NHF. Shekara 14 ana cire min kashi 2.5, ni kuwa na ɗauke shi a matsayin harajin da ba a tambaya. Ashe Asusun Gidaje na Ƙasa ne, da dokarsa tun 1992, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke riƙe da shi. Wanda ya yi zubi na wata shida a jere yana da damar neman rance.

Kuɗin ruwansa kashi 6, a tsaye, har zuwa shekara 30. A da iyakar abin da ake bayarwa miliyan 15 ne, yanzu an ɗaga zuwa 50. Rancen da bai wuce miliyan 5 ba babu kafin alƙalami, wanda ya haura kuma kashi 10. Ba kai tsaye ake zuwa a karɓa ba, sai ta hannun ɗaya daga ƙananan bankunan jinginar gidaje da aka amince da su. Shekara 30 ɗin ma ba tawa ba ce, don dole a gama biya kafin mutum ya kai 60. Shekara 20 suka rage min.

Miliyan 15 a kashi 6 na shekara 20: naira 107,500 a wata, jimilla miliyan 25 da dubu 800. Ya shiga cikin 110,000 ɗina da kyar, kamar ƙafa a takalmin bara. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda kuɗi ɗaya, gida ɗaya, mutum ɗaya, amma wata ƙofa ta ce 351,000, wata ta ce 107,500.

Na danna *219# don in ga zubina. Akwai giɓin wata 19 tsakanin 2016 da 2018. An cira a albashi, bai bayyana a can ba. Na kai ƙorafi sashen kuɗi na wurin aikinmu, an ce in dawo.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi 12. Maganar da nake ta kauce wa tun Janairu ta tare ni. Na je gaida Hajiyarmu na ba ta labarin kashi 6 ina murna, ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Shida ko sittin, ba ruwa ba ne sunansa?" Ta ci gaba da jan carbinta.

Malam Sani yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Hukumar Ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai 34.8 a Disamba, bayan an sauya ma'auni kuma ta koma 24.48 a Janairu. A cewarsa, wanda ya ba ka kuɗi a kashi 6 alhali kaya na tashi da sama da kashi 20, shi ne ke asara, kai ne ka ci da guminsa. Dubu 107 ta yau buhun shinkafa ce da canji, nan da shekara 15 wa ya san abin da za ta saya? A lissafi ban iya ƙaryata shi ba.

Bayan tafsiri na tsaya na ga malamin unguwarmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, idan ruwan kaɗan ne, kuma gwamnati ce, kuma da kuɗina a cikin asusun fa?" Ya ce ayar Baƙara da ta halatta ciniki ta haramta riba ba ta yanka wani kaso ta ce daga nan zuwa ƙasa an yafe ba. Ya ce akwai malaman da ke duba larura, amma shi ba zai kira mai albashi da ke zaune a gidan haya yana biya ba tare da an kore shi ba mai larura. Sai ya ƙara da abin da ya fi min amfani: "Kafin ka nemi fatawar sauƙi, ka gama zagaya ƙofofin da babu shubuha tukuna."

Ni ba malami ba ne, kuma na san mutanen kirki da suka karɓi rancen, ba zan zage su ba. Amma gidan da Hajiya ba za ta yi sallah a cikinsa da natsuwa ba, ban ga ranarsa ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

An sha Sallah, na fita zagayen da Malam ya ce. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa yanzu sun yi yawa. Jaiz ne ya fara a 2012, daga baya TAJ da Lotus da wasu suka biyo. Na shiga biyu daga cikin irinsu, ba zan ce wanne da wanne ba.

Na farko ya yi min bayanin murabaha: banki ya sayi gidan, ya sayar min da riba sananniya, in biya kaɗan-kaɗan. Farashin da aka sa hannu a kai ba ya canzawa ko Babban Banki zai ɗaga ruwa sau goma. Wannan ya burge ni. Sai aka zo lambobi: za su sa miliyan 15, in mayar da miliyan 24 cikin shekara 5. Naira 400,000 a wata. Don kwatance kawai na juya shi zuwa lissafin kaso, ya faɗo wajen 20 a shekara. Ya fi bankina sauƙi nesa ba kusa ba, amma gajartar lokacin ta kashe maganar. Na biyun ijara ce, wato banki ya sayi gidan ya ba ni haya har in mallake shi, shekara 7, shi ma ya fi ƙarfin albashina.

Na tambayi matashin dalilin da ba za su ba da shekara 20 ba. Ya ce, "Yallaɓai, kuɗin da muke juyawa na masu ajiya ne, gobe ma suna iya zuwa su ce a ba su abinsu. Ta yaya za mu ɗaure shi shekara 20?" Amsar ta gamsar da ni, kuma ta fahimtar da ni abin da ya sa NHF ke iya yin araha: kuɗinsa zubin ma'aikata ne da ba a taɓawa sai an yi ritaya.

Asabar, 26 ga Afrilu

Wani abokin aiki ya zo da murna, ƙungiyar adashin gata ta ma'aikata tana ba da miliyan 5 a "kashi 10 kacal" na shekara 5. Ba ni zan karɓa ba, amma na buga masa. Suna lissafa kashi 10 ɗin ne a kan miliyan 5 ɗin farko duk shekara, ko da ka biya rabi. Dubu 500 sau biyar, jimilla miliyan 7 da rabi, 125,000 a wata. Idan aka auna da ma'aunin banki, wanda ke bin ragowar bashi, ya haura kashi 17. Ya ce ai ba haka aka rubuta a allon sanarwa ba. Tun daga ranar na daina tambayar "kashi nawa ne?" Tambayata biyu yanzu: nawa za a cira duk wata, kuma nawa ne jimilla ranar da na gama.

Asabar, 17 ga Mayu

Yau na gane na fara gini daga rufi. Wata huɗu ina auna kuɗin ruwa, ban tsaya na duba ko akwai gidan da banki zai yarda ya sa kuɗinsa a kai ba.

Dillali ya zaga da ni Ɗanbare da bayan Rijiyar Zaki a kan babur. Gida na uku ya kwanta min: ɗaki uku, tsakar gida mai faɗi, rijiya, ga masallaci a bakin layi. Miliyan 16 da rabi. Na tambayi takardu. Aka fito da takardar ciniki mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa. Awon igiya ne. "Alhaji, duk layin nan haka muke, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce tak," in ji dillalin. Na yarda da shi, mu ma gidan da aka haife ni haka yake. Amma banki, mai ruwa da marar ruwa, ba ya karɓar wannan. Shahadar mallaka yake so, wadda kowa ke kira C of O. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma jinginar da gida ko sayar da shi sai da amincewarsa. Wanda ba shi da shahada, a idon banki ba shi da abin jingina.

Mun ga guda ɗaya mai shahada, awon gwamnati, bai kai wancan girma ba. Miliyan 24. Takarda kaɗai ta ɗora miliyan bakwai da rabi. A ganina nan ne gizo ke saƙa: mafi yawan gidajen da talaka zai iya saya a Kano ba su da takardar da ake ba da rance a kanta, waɗanda ke da ita kuma mai neman rance ba ya iya kai musu.

Ga kuma kuɗaɗen gefe da ba a sa su a talla. La'adar dillali kashi 5, lauya, mai kimanta gida, binciken fayil a KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, don a tabbatar ba a jinginar da shi a wani wuri ba, kuɗin amincewar gwamna, hatimi, rajista, inshora. Wani lauya ya yi min ƙiyasin sama da miliyan 2 a kan gida irin wannan. Daidai da duk abin da muka tara.

Asabar, 14 ga Yuni

Layya ta ci 280,000 daga ajiyar. Gidan Ɗanbare an sayar wa wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, kuɗi hannu, a rana ɗaya. Sashen kuɗi sun ce wanda ke riƙe da fayil ɗin 2017 ya tafi aikin Hajji.

Talata, 8 ga Yuli

Na leƙa kamfanin da ke riƙe da fanshona. Tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa ta ba da damar mutum ya ciri har kashi 25 na abin da ke asusunsa don biyan kafin alƙalamin rancen gida, muddin ya yi zubin wata 60. Ina da miliyan 6 da dubu 400, ke nan miliyan 1 da dubu 600. Ba a hannu ake ba mutum ba, kai tsaye ake tura wa bankin da ya ba da takardar tayin rance. Maman Walid ba ta so. Ta ce wannan cin tuwon gobe ne yau, idan tsufa ya zo da me za a sha magani? Na rubuta shi dai a gefe.

Laraba, 20 ga Agusta

Na je ofishin FMBN da kaina, abin da ya kamata in yi tun Fabrairu. Ashe ban da rancen kashi 6, suna da tsarin haya da ke ƙarewa da mallaka: ka shiga gida a matsayin ɗan haya, kana biya daga albashi, ranar da ka kammala ya zama naka. Babu kafin alƙalami. Kuma akwai nau'insa marar ruwa da aka gina a kan ijara. Na ce a maimaita min, aka maimaita.

Sharaɗin shi ne ba kai za ka zaɓo gida a unguwar da kake so ba. Sai cikin rukunan gidajen da bankin ya sa kuɗi aka gina. Alherin hakan, maganar shahada ba ta kanka. An kwatanta min wani rukuni a bayan gari, na je ranar Asabar. Ɗaki biyu da falo, miliyan 14, ɗakunan ƙanana, babu katanga, babu bishiya ko ɗaya. Lissafin wucin gadi da aka yi min ya kama wajen 108,000 a wata na shekara 20.

Ban ɓoye wa kaina ba: jimillar ta yi kusa da ta rancen kashi 6, kusan miliyan 26. Malam Sani ya yi dariya ya ce an dai canza wa tuwo suna. Na kai wa malamin unguwarmu kwafin yarjejeniyar. Bai ko kalli jimillar ba. Tambayoyi uku ya yi: shin gidan mallakin bankin ne da gaske kafin ya ba ni haya, wa ke ɗaukar asara idan gini ya rushe ba da sakacina ba, kuma idan na makara da biya ina tarar ke tafiya. Ya ce riba a ciniki ba ita ce matsala ba, mai gidan hayarka ma ai riba yake ci. In samo amsoshin a rubuce in dawo.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Nisa ne. Na auna da motata, ƙarin kilomita 17 zuwa ofis, ga makarantar yara. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, nisa kuɗi ne. Na ƙiyasta ƙarin 35,000 a wata. Ke nan ainihin kuɗin gidan 143,000 ne, ba 108,000 ba. Hayar Alhaji sabuwa kuma, idan aka raba wata 12, ba ta kai 80,000 ba. A takarda haya ta fi araha. Sai dai ta Alhaji za ta sake tashi, kuma bayan shekara 20 ko ƙofar banɗaki ba tawa ba ce.

Laraba, 24 ga Satumba

Jiya Babban Banki ya rage ruwansa daga 27.5 zuwa 27. Na buga don nishaɗi: ko da bankina ya bi sahu, ragin wajen 5,400 ne kawai a wata a kan 373,000.

Malam Sani ya turo min tallan wani sabon asusu na gwamnati, MREIF, da ake bayarwa ta hannun bankuna: kashi 9.75, har shekara 20, kafin alƙalami kashi 10. Ga wanda ba ya zubin NHF, ko ɗan kasuwa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne idan aka kwatanta da 28. Miliyan 15 tana kamawa 142,300 a wata, jimilla miliyan 34. Da albashina miliyan 11 da dubu 600 zan iya ɗauka. Shi ma yana son shahada, shi ma ruwa ne. Na rubuta shi don lissafin ya cika.

Asabar, 11 ga Oktoba

Giɓin wata 19 ya toshe. Ashe a wurin aikinmu aka rubuta lambata ba daidai ba, sifili ɗaya ya faɗi. Wata takwas ina sintiri a kan sifili ɗaya. Na samu amsoshin tambayoyin Malam, biyu a cikin yarjejeniyar, ɗaya a wasiƙa. Ya karanta ya ce shi bai ga abin da zai hana ba. Na gaya wa Hajiya, ta ce, "To, Allah ya sa albarka. Akwai wurin ɗaure akuya?"

Na kai Maman Walid da yara suka ga wurin. Walid ya ce babu filin ƙwallo. Ita kuwa ta auna kicin da taku, ta fito ta tsaya tana kallon bayan gidan, ta ce za a iya fitar da ɗaki ɗaya a nan idan an yarda. Na rubuta cikin abin da zan tambaya.

Na miƙa fom da takardun albashi na wata uku, wasiƙar wurin aiki, shaidar shekaru da hotuna. An ba ni lambar fayil.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Haya ta cika yau. Na je wurin Alhaji da kaina bayan La'asar, na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman alfarma a karɓi ta wata shida." Ya tambayi dalili, na faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru, ya ce shi bai saba karɓar rabi ba, amma shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce. Na tura 475,000. Saura miliyan 1 da dubu 245 a ajiyar, na ware su don katanga da kwashe kaya idan an kira ni. Idan ba a kira ba kafin ƙarshen Afrilu, da su zan cika wa Alhaji ragowar. Ranar Litinin zan buga in ji inda fayil ya kwana.